Ku Tambaya Mu Amsa: Karatun Lauya ko Tarihi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a sakandare, kuma rajistar JAMB ta ƙarato. Ni tarihi nake so, amma Baba ya ce lauya zan karanta, wai tarihi ba ya kawo abinci. Wanne zan cike?
*Ɗaliba daga Funtuwa*

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. Kafin maganar so, duba darussan da kika yi rajista a WAEC ko NECO. Karatun lauya yana buƙatar kiredit biyar, kuma dole a samu Turanci da Adabin Turanci a ciki. Yawancin jami'o'i suna ƙarawa da Lissafi. Adabin nan shi ke kayar da yaranmu, domin makarantu da yawa ba su da malaminsa, sai ɗalibi ya ci maki mai yawa a JAMB amma a ƙi shi wajen tantancewa. A JAMB ɗin ma sai kin rubuta shi. Idan ɓangaren shari'ar Musulunci kike nufi, kamar wanda ake yi a ABU Zariya da BUK da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ki tabbata kina da Larabci ko darasin addinin Musulunci, gwargwadon sharaɗin jami'ar. Shi kuwa tarihi, kiredit biyar ne da suka haɗa da Turanci da Tarihi ko Gwamnati.

Sai lissafin shekaru. Digirin tarihi shekara 4 ne. Na lauya shekara 5, kuma ko kin gama ba ki zama lauya ba tukuna. Sai kin yi kusan shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1962. Hedikwatarta tana Bwari a Abuja, tana da rassa a wurare irin su Bagauda ta Jihar Kano da Yola da Legas da Inugu, kuma ba lallai ne a tura ki inda kika zaɓa ba. Kuɗin makaranta da masauki da littattafai da rigar lauya da hularta duk a wuyan Baba suke, kuma a dunƙule ake nemansu. A can darussa biyar ake yi, kuma a da mafi raunin makin da ɗalibi ya samu a cikinsu shi ke yanke matakin sakamakonsa, komai kyan sauran huɗun. Bayan an rantsar da ke sai bautar ƙasa. Ke nan shekara 7, in ba a yi yajin aiki ba.

Akwai kuma tarkon da iyaye ba su cika sani ba. Hukumar da ke kula da ilimin lauyoyi tana yanke wa tsangayar lauya ta kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Jami'ar da ta zarce adadinta, ɗalibanta kan gama su zauna a gida suna jiran layi kafin a tura su makarantar lauyoyi. Don haka kada ki tsaya ga amincewar hukumar jami'o'i ta NUC kaɗai. Ki bincika ko ita ma waccan hukumar ta ilimin lauyoyi ta amince da tsangayar, da gurbi nawa ta ba ta.

Game da maganar Baba, yana da gaskiya ta wani gefen. Lauya sana'a ce mai ƙofa: wanda ba a rantsar ba, ba ya tsaya wa kowa a kotu. Tsaninta ma a rubuce yake a kundin tsarin mulki na 1999: shekara 10 da rantsuwa kafin a zama alƙalin Babbar Kotu, 12 a Kotun Ɗaukaka Ƙara, 15 a Kotun Ƙoli. Amma shekarun farko a ofishin babban lauya ba na kuɗi ba ne. Ɗaukar fayil ne, da zaman jiran a kira shari'a a ɗage ta, da albashin da sau da yawa ba ya kai ƙarshen wata.

Ga gwajin da za ki yi cikin mako guda. Ki roƙi wani babba ya raka ki Babbar Kotu ki zauna daga ƙarfe tara har a tashi, domin zaman kotu a buɗe yake ga kowa. Sannan ki nemi hukunci guda na kotu ki karanta daga farko har ƙarshe, ki lura da yadda ake shafe shafi goma kan ma'anar sashe ɗaya na doka. In kin ji daɗin wannan taƙaddamar, ki bi Baba da zuciya ɗaya. In kuwa hankalinki ya fi tafiya kan yadda aka yi Arewa take amfani da kundin hukunta laifuka na Final Kod, Kudu kuma da wani kundin daban, to ke 'yar tarihi ce, sai ki nemi kawu ko malaminku ya taya ki yi wa Baba bayani.

Tambaya: Lauya na nema, sai jami'a ta ba ni tarihi. Abokaina sun ce in karɓa, in na gama aji ɗaya sai in sauya. Haka ne?
*Ɗalibi daga Gombe*

Amsa: Ɗana, kada ka gina shirinka a kan wannan. Saboda adadin da muka ambata a sama, tsangayar lauya ita ce mafi wuyar shiga ta hanyar sauyi, wasu jami'o'in ma sun rufe ƙofar gaba ɗaya. Abin da kan faru shi ne yaro ya shiga tarihi da rabin zuciya, ya yi wasa da aji ɗaya, sauyin bai samu ba, makinsa kuma ya lalace.

In lauya kake so ko ta halin ƙaƙa, ka sake JAMB baɗi, ko ka yi difloma a fannin shari'a a makarantar da jami'ar ta amince da ita ka nemi shiga kai tsaye, wato DE, zuwa aji biyu. In kuma ka karɓi tarihin, ka yi shi da gaske. Wasu jami'o'i suna ɗaukar mai digiri da kyakkyawan sakamako zuwa aji biyu na lauya, amma ka sani shekara 4 ce a kan 4, da ta makarantar lauyoyi, 9 ke nan.

Tambaya: Ɗana ya nace sai tarihi. Don Allah ban da koyarwa, me ake yi da shi?
*Mahaifi daga Birnin Kabi*

Amsa: Alhaji, koyarwar ma ba abin rainawa ba ce yanzu, tunda an dawo da darasin tarihi makarantun firamare da ƙananan sakandare bayan an cire shi shekaru, kuma malamansa sun yi ƙaranci. Sai dai zai buƙaci diflomar koyarwa da rajistar hukumar malamai ta TRCN. Ban da wannan akwai gidajen adana kayan tarihi irin Gidan Makama a Kano, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da aikin jarida, da Ma'aikatar Harkokin Waje, da ƙungiyoyin sasanta rikici. Gaskiyar magana, guraben ba su da yawa, kuma takardar digirin ita kaɗai ba ta buɗe su.

Abin da ke raba mai tarihin da ake nema da wanda ke yawo da takarda shi ne iya karanta abin da wasu ba sa iyawa. A Gidan Adana Takardu na Ƙasa da ke Kaduna akwai fayilolin zamanin Turawa: rahoton Di'o kan gunduma, da ƙidayar masu biyan haraji ƙauye-ƙauye, da jerin sunayen hakimai, da wasiƙun sarakuna cikin Larabci. A Gidan Arewa, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, akwai rubuce-rubucen Larabci da na ajami. Yaron da ya yi makarantar allo ya riga takwarorinsa nisa a nan. In ya ƙara da Faransanci, takardun Damagaram da Maraɗi da Yamai ma sun buɗe masa.

Wannan ilimin har kotu yake shiga. A shari'ar fili, tarihin gargajiya, wato wa ya fara saran wurin, wa ya gaje shi, har zuwa kan mai ƙara, yana cikin hanyoyi biyar da Kotun Ƙoli ta amince da su a 1976 don tabbatar da mallaka. Suna ɗaya ya ɓace a jerin magadan, hujjar ta rushe. Rikicin sarauta da na iyaka ma haka, lauyoyi kan nemi wanda zai tono musu fayil. Hukuncin Bakassi na 2002 a Kotun Duniya, yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913 ce ƙashin bayansa.

Don haka in kun yarda ya yi, ku gindaya masa sharuɗɗa: sakamako mai kyau da zai kai shi digiri na biyu, harshe guda bayan Turanci, da iya aiki da kwamfuta. Kundin kammala karatunsa kuma ya yi shi a kan garinku, ya zauna da dattawa ya naɗi muryarsu, ya rubuta sunan kowa da shekarunsa da ranar hirar, sannan ya je Kaduna ya gwada abin da suka faɗa da abin da ke cikin fayil.