Amsa ga mai tambaya kan kai Hajiya fadar Himeji da ke Japan

'Yar'uwa, kin tambaya ko zai yiwu ki ɗauki Hajiya daga Osaka zuwa Himeji ku dawo a yini ɗaya, alhali tana fama da ciwon gwiwa. Abin da ya same ni da mahaifina ke nan lokacin da ya zo mana ziyara, shi ya sa na kasa yin shiru.

Tafiyar ba wata matsala ba ce, domin jirgin ƙasa mai sauri na Shinkansen daga tashar Shin-Osaka kimanin minti 30 ne, kuma kina fitowa daga tasha za ki hango fadar fara fat a ƙarshen titin Otemae. Ku shiga tasi ko bas, kada ku taka, ku adana mata ƙarfinta. Wahalar tana farawa ne bayan ƙofar shiga. Ikeda Terumasa, wanda suruki ne ga mai mulkin Japan Tokugawa Ieyasu, kuma wanda ya sake gina fadar tsakanin 1601 da 1609, ya tsara ta ne domin ta gajiyar da mayaƙan da suka kawo hari, saboda haka hanyoyin suna karkacewa, suna hawa, suna ƙuntata, kuma wasu ƙofofin sai an sunkuya. Abin da aka shirya wa abokan gaba shi ne tsofaffinmu suke haɗuwa da shi yau.

Mu da wani ɗan jagora muka je, wanda na biya kuɗi masu yawa bayan na gaya masa halin da Baba yake ciki, ya kuma rantse mini cewa hawan ba komai ba ne. Babban benen fadar daga waje hawa biyar ake gani, amma a ciki hawa shida ne da ɗakin ƙasa, babu lif, kuma matakalar katako ce mai tsayi ƙwarai. Ana cire takalmi a riƙe a leda, ga santsin safa a kan katako. A tsakiyar wata matakala gwiwar Baba ta ƙi, ya kasa gaba ya kasa baya, mutane sun yi layi a bayanmu babu mai cewa uffan, wanda wallahi ya fi mini zafi a kan a ce sun yi magana. Na ɗaga kai ina neman mutumin nan, ashe ya riga ya haye da sauran baƙinsa. Dattijon da ban taɓa ganin ya nemi a riƙe shi ba, ranar da hannuna da na wani ma'aikacin fadar ya sauko, yana ta ba mutane haƙuri da Hausa. Da muka haɗu da jagoran a ƙasa, abin da ya fara faɗa shi ne mun ɓata masa lokaci. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, Allah dai ya isa.

Don haka kada Hajiya ta hau babban benen. Cikinsa kusan fanko ne, sai manyan ginshiƙai biyu da maratayan makamai, a can ƙoli kuma wurin bautar wani abin bautarsu ne mai suna Osakabe, wanda ba abin da za ta yi da shi. Kyan Himeji daga waje yake. Ta zauna a filin Sannomaru da ke gaban fadar ta kalli ginin da ya tsira daga bama-baman 1945 da suka ƙone garin, ya kuma tsira daga girgizar ƙasar 1995, aka sa shi cikin kayan tarihin duniya na UNESCO a 1993. Farin da za ta gani na gyaran da aka kammala a 2015 ne.

Ki ɗauki abincinku daga gida tare da dadduma, domin mu a gefen gwalalon fadar muka yi azahar. Ku isa da ƙarfe 9 na safe, ku guji lokacin furen sakura da hutun farkon watan Mayu, saboda cunkoso. Idan da sauran ƙarfi, lambun Kokoen yana nan kusa da ƙofa, ƙasarsa a shimfiɗe take, akwai wuraren zama da tafkin kifaye. Idan ke kina son hawa, ki tafi da wanda zai zauna da ita a ƙasa. A gaida Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya.