Yadda ake shirya wa tambayoyin haraji a jarrabawar zama lauya

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ni ɗaliba ce a Makarantar Horar da Lauyoyi, reshen Bagauda, kuma jarrabawar ƙarshe ta gabato. Ban yi darasin dokar haraji a jami'a ba, ga shi kuma an sauya dokokin. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, domin haraji ba shi da takarda tasa a wannan jarrabawa. Darussa biyar ake zanawa, kuma haraji yakan ɓuya ne a cikin biyu daga cikinsu, wato dokar cinikin ƙasa da gidaje da kuma dokar kamfanoni. Saboda haka ba haddar littafin haraji ake nema a wurinki ba. Abin da mai jarrabawa yake so shi ne, idan an ba ki labarin wani ciniki, ki faɗi harajin da ya hau kansa, da wanda zai biya, da hukumar da za ta karɓa, da lokacin biya.

Cinikin gida shi ne inda ya kamata ki fi ɓata lokaci. Ki riƙe jerin matakan kammala mallaka: amincewar gwamna bisa sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, sannan buga hatimi, sannan rajista. Mai saye ne bisa al'ada yake biyan harajin hatimi, mai sayarwa kuma harajin ribar kadara. Idan cinikin tsakanin mutum da mutum ne, hukumar harajin jiha ce take karɓar kuɗin hatimi, amma da zarar kamfani ya shiga ciki, kuɗin ya koma na tarayya. A nan ɗalibai da yawa suke zubar da maki, domin sukan karanta labarin a gurguje ba su lura cewa mai sayen kamfani ne ba.

Lissafin ribar kuwa, da alƙalami ake koyonsa. A ce mutum ya sayi gida naira miliyan 20, ya kashe miliyan 5 wajen ƙara ɗakuna, ya biya lauya da la'adar dillali miliyan 2, daga baya ya sayar miliyan 40. Ribar da haraji zai hau ita ce miliyan 13, kuma a tsohuwar dokar harajin ribar kadara ta 1967 kashi 10 cikin 100 ake cirewa, wato miliyan 1.3. Ki rubuta kowane mataki a layinsa, saboda ko jimillar ta kuskure, mai dubawa zai ga kin san abin da doka ta yarda a cire.

Batun sauyin da kika ambata gaskiya ne. Ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokokin haraji huɗu, kuma Dokar Harajin Najeriya, wadda ta haɗe tsofaffin dokokin harajin kamfanoni da na kuɗin shiga da na ribar kadara da na hatimi da VAT (harajin da ake ɗorawa kan sayen kaya da ayyuka) wuri ɗaya, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. Hukumar tattara harajin tarayya, FIRS, ta koma NRS. VAT yana nan a kashi 7.5, amma kashi 10 na ribar kadara ya tafi: kamfanonin da ba ƙanana ba kashi 30 suke biya, mutane kuma gwargwadon matakan harajin kuɗin shigarsu. A ganina wannan ne haɗarin dogaro da amsoshin tambayoyin shekarun baya da ake yawo da su a ɗakunan kwana, domin da tsohuwar doka aka warware su. Ki yi amfani da tambayoyin, amma ki warware su da kanki, ki duba ranar da aka ce an yi cinikin, ki kuma tambayi malaman darasin dokar da za su yi gwaji a kanta a wannan zango.