Ɗan Sanda Ya Tura Ni Wurin Mai Unguwa

Tambaya: Malam, ranar kasuwa aka sace min akuya. Na kai ƙara caji ofis ɗin ƙauyenmu, ɗan sandan ya ce mu fara zuwa wurin mai unguwa. Ba gudun aiki ba ne?

Amsa: Hajiya, ban ga laifinsa ba. Shi baƙo ne, wataƙila ko shekara bai yi a garinku ba. Mai unguwa da sarkin pawa da dillalan kara kuwa, akuya ba ta sauya hannu ba su ji ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta tanadi kwamitocin aiki da al'umma. Amma ki tsaya sai ya rubuta ƙarar a littafinsu. In ya nemi "kuɗin mai", ki wuce wurin DPO, wato shugaban 'yan sandan yankinku.