Na samu aikin kwamfuta a Jamus: nawa zan tanada kafin in tashi, kuma in sayar da filina?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni mai rubuta manhajar kwamfuta ne a nan Gombe. Na gama Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, kuma na daɗe ina wannan aiki. Wani kamfani a birnin Barlin ya ɗauke ni a kan Yuro 55,000 a shekara, sun kuma ce za su ba ni Yuro 3,000 na ƙaura. Ina da mata da yaro ɗaya. Da na juya albashin zuwa naira sai na ga kuɗin da ban taɓa riƙewa ba, har dangi sun fara zuwa barka. Amma wani abokina ya ce sai na tanadi miliyoyi kafin in tashi. Ina da fili a Tumfure. In sayar ne? Sannan in tafi da iyali lokaci guda, ko in fara yin gaba?

Mai karatu daga Jekadafari, Gombe

Amsa:

Wa alaikumus salam, Injiniya. Allah ya sanya alheri, ya sa an fara a sa'a. Abokinka gaskiya ya faɗa maka. Albashin da aka yanka maka zai riƙe ka da iyalinka cikin rufin asiri, amma ba shi ne zai ɗauki nauyin saukarka ba, domin mafi yawan kuɗin sauka ana biyansu ne tun albashin farko bai shiga hannu ba. A Jamus sai ƙarshen wata ake biya. Tsakanin ranar da ka bar Gombe da ranar da kuɗin kamfani suka fara shiga asusunka akwai giɓi, kuma a cikin giɓin nan ne na ga mutanenmu sun fi jigata.

Mu fara da Yuro 55,000 ɗin nan. Ka daina juya shi zuwa naira, don hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wannan adadi ne kafin a yanke komai. Daga ciki za a cire kashi 9.3 cikin ɗari na fansho, kashi 1.3 na inshorar rashin aiki, sama da kashi 8 na inshorar lafiya, da kusan kashi 2 na inshorar kula da marasa ƙarfi. Kamfani ma yana zuba nasa rabon a kan kowanne, amma naka daga albashinka zai fita. Sannan ga haraji. Muddin uwargida tana Najeriya, za a sa ka a aji na 1 na haraji, daidai da marar aure. In an gama yanke-yanke, abin da zai shigo maka a wata kusan Yuro 2,900 ne. A Barlin wannan kuɗin zaman lafiya ne, ba kuɗin facaka ba, kuma haya kaɗai na iya cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku. Akwai harajin coci da ake cire wa mabiya wasu majami'u. Musulmi ba ya biya, sai dai ka lura da abin da aka rubuta a gurbin addini ranar rajistar adireshi.

Ta fuskar takardu kana kan hanya mai kyau. Izinin zaman da ya dace da kai shi ne wanda ake kira Blue Card. A 2025 mafi ƙarancin albashin da ake nema shi ne Yuro 48,300, ga masu aikin kwamfuta da sauran sana'o'in da ake ƙarancin ma'aikatansu kuwa Yuro 43,759.80, kuma adadin yana ɗan ƙaruwa duk farkon shekara. Ka haura duka biyun. Ka duba ko jami'arka da digirinka suna cikin rumbun bayanan jami'o'i da digirorin ƙasashen waje da ake kira Anabin. In digirin bai fito ba, sai ka nemi tantancewar ZAB, ofishin duba takardun karatu na ƙasashen waje da ke Bonn, wadda ke cin kusan Yuro 200. Bizar kanta Yuro 75 ce ga babba, rabin haka ga yaro. Fasfo kuwa, tun Satumbar 2025 ya koma naira 100,000 mai shafi 32, naira 200,000 mai shafi 64. Ka ƙara da zirga-zirga zuwa Abuja ko Legas da kwanan otal, da tikitin jirgi. Waɗannan duk ba su ne masu karya mutum ba.

Gida ne babban al'amarin.

A Gombe mun saba a biya hayar shekara a huta. A Jamus wata-wata ake biya, amma kafin a miƙa maka makulli sai ka ajiye kuɗin jingina, wanda suke kira Kaution. Doka ta ƙayyade kada ya wuce hayar wata uku, ban da kuɗin ɗumama gida da ruwa da shara. Mu ce ka samu gida mai ɗaki biyu a kan Yuro 900 tsura: jingina 2,700 ke nan, ga hayar watan farko da ƙarin kuɗin ɗumama da ruwa, ga wutar lantarki da intanet daban, ga harajin rediyo da talabijin Yuro 18.36 a wata da kowane gida ke biya ko da ba ya kunna komai. Abin da yawancin baƙi ba su sani ba, kuma mai gida ba zai tuna maka ba: doka ta ba ka damar biyan jinginar nan a kashi uku, wata bayan wata.

Samun gidan ma kansa aiki ne. Ranar duba gida a Barlin za ka tarar da mutane sun yi layi tun daga matakala har bakin titi, kowa rungume da fayil. A cikin fayil ɗin akwai takardun albashi na wata uku, da takardar Schufa mai nuna tarihin mutum wajen biyan bashi, da wasiƙar tsohon mai gida cewa ba ya bin sa haya. Kai da ka sauka jiya ba ka da ko ɗaya, sai kwantiragin aiki. In ma Allah ya ba ka sa'a, kada ka yi mamaki in ka shiga kicin ka ga bango tsirara, bututun ruwa biyu sun leƙo, ba murhu ba wurin wanke-wanke, a silin kuma waya ce kawai ke reto babu ƙwan fitila. Da yawa daga masu haya a can da kicin ɗinsu suke tashi. Gado, katifa, firiji, injin wanki, labule, duk a kanka. Na hannu suna da sauƙi a shafin Kleinanzeigen, kuma ba abin kunya ba ne, Jamusawan ma a nan suke saye.

Saboda haka kusan kowane sabon zuwa da ɗakin wucin gadi mai kaya a ciki yake farawa, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba. Kafin ka biya ko sisi, ka yi wa mai ɗakin tambaya guda: zai ba ka takardar da za ka yi Anmeldung da ita? Anmeldung ita ce rajistar adireshi a ofishin gunduma, wadda doka ta ce a yi cikin kwana 14 da shiga gida. Sai da ita ake aiko maka da lambar haraji ta gidan waya, da ita ofishin baƙi ke aiki wajen ba ka katin zama, bankuna da yawa ma sai sun gan ta. In lambar haraji ta makara, kamfani na iya yanke ka a aji na 6, mafi tsanani. Za a mayar maka da rarar daga baya, amma a watan da ka fi bukatar kuɗi ne za ka rasa su. Ɗaki mai araha da ba a yarda a yi rajista da shi ba, ka bar shi. Haka duk wanda ya ce yana wata ƙasa, ka tura jingina zai aiko maka da makulli, ɗan damfara ne.

A nawa lissafin, mutum ɗaya da zai sauka a Barlin ya kamata ya riƙe tsakanin Yuro 6,000 zuwa 8,000 da zai iya taɓawa nan take, bayan tikiti: ɗakin wucin gadi da jinginarsa, abinci da sufuri na makonni shida, rigunan sanyi da takalmi na gaske, sannan jinginar gidan dindindin da kayan ciki, wadda sau da yawa za ka biya tun ba a mayar maka da ta farko ba. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, Yuro ɗaya ya haura naira 1,600 a 2024, don haka a kan wannan farashin kana maganar kusan naira miliyan 10 zuwa 13 ne. Miliyoyin da abokinka ya ambata ke nan.

To, Yuro 3,000 na kamfani fa? Ka tambaye su yaushe za su biya, kuma ta wace hanya. Wasu sai ka kashe naka ka kawo rasit. Wasu suna haɗawa da albashin farko, a yanke haraji a kai. Ka kuma karanta kwantiragin da kyau, domin akan sa sharaɗin cewa in ka bar aiki kafin shekara ɗaya ko biyu za ka mayar da kuɗin, duka ko wani ɓangare.

Batun fili, ra'ayina kada ka sayar, kuma ko kusa kada ka yi ciniki kafin biza ta fito. Dalilina shi ne watannin gwaji. Yawancin kamfanoni suna sa wata shida, kuma a cikinsu ana iya sallamar ma'aikaci da sanarwar mako biyu kacal. Kuɗin tallafin rashin aiki kuwa sai wanda ya yi wata 12 yana zuba inshora. Kamfanonin fasaha sun rage ma'aikata sosai a 2022 da 2023, har da na Barlin, kuma sababbin ɗauka ne suka fi sauƙin sallama. Ba fata nake maka ba, amma in hakan ta faru, filin Tumfure shi ne abin da za ka jingina da shi. Filin da ka sayar yau kuma, da wuya ka same shi a farashinsa bayan shekara biyu. In kana da mota, ita za ka sayar: ajiye ta lalacewa ce, lasin tuƙin Najeriya wata shida kawai yake aiki a Jamus, kuma da tikitin Deutschlandticket, wanda ya kai Yuro 63 a wata daga Janairun 2026, za ka hau bas da jiragen ƙasa na cikin gari da na yanki a duk faɗin ƙasar. Abin da ya rage, rance marar ruwa daga ɗan'uwa ko kwasar adashe ya fi sayar da ƙasa, don cikin watanni kaɗan za ka iya biya.

Iyali kuwa, ka yi gaba, amma ka fara takardunsu yau. Jamus ba ta karɓar takardun aure da na haihuwa daga Najeriya kai-tsaye. Ofishin jakadancinsu yakan sa a bincika sahihancinsu, a kuɗinka, kuma binciken yana ɗaukar watanni. Ka tabbata auren yana da takardar hukuma, yaron yana da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma rubutun sunaye ya zo ɗaya a ko'ina. Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar aure, ya isa ya jawo jinkiri. In ka fara yanzu, kafin a gama kai ma ka kusa fita gwaji, ka samu gida. Zuwansu kuma sauƙi zai kawo wa aljihunka. Matar mai Blue Card ba a neman ta ci jarrabawar Jamusanci kafin ta zo, kuma tana da izinin aiki. Da ta yi rajista za ka iya komawa aji na 3 na haraji, albashin hannunka ya ƙaru da sama da Yuro 300 a wata. Ita da yaron za su shiga inshorar lafiyarka ba ƙarin kuɗi muddin ba ta da albashi, kuma akwai kuɗin yara, Yuro 255 a wata a 2025. Makarantar renon yara a Barlin kyauta ce tun 2018, sai ɗan kuɗin abinci, sai dai gurbi yana wuya, a nema da wuri. Ga masu karatu masu mata fiye da ɗaya: dokar Jamus mace ɗaya kawai take bari ta biyo miji.

In da hali, ka sa zuwansu ya faɗo tsakanin Afrilu da Satumba. A tsakiyar Disamba rana ba ta fitowa a Barlin sai bayan ƙarfe takwas, kafin huɗu na yamma ta faɗi. Matar da ta saba da gidan yawa, da maƙwabta, da biki da suna, in aka kawo ta cikin wannan duhu, miji yana ofis, ba ta jin yaren kowa, abin yana taɓa zuciya ƙwarai. Ka nemi Hausawa da sauran 'yan Afirka ta Yamma tun kafin ta iso, ka san shagunan Turkawa da Larabawa masu naman halal a unguwannin Wedding da Neukölln, ka kuma sa ta a ajin koyon Jamusanci da wuri. Kai ma yaren zai amfane ka: mai Blue Card yana samun izinin zama na dindindin bayan wata 27, amma in ya kai matakin B1 a Jamusanci, wato matsakaicin iya yaren, wata 21 ne.

Masu zuwa barka kuma, ka karɓi addu'arsu, amma kada ka faɗi adadin albashi, kada kuma ka yi alkawari. Haƙƙin iyaye daban ne: ka yanka musu abin da za ka iya turawa duk wata ba fashi, ko kaɗan ne, ka gaya musu da bakinka cewa sai bayan wata shida za ka san inda ka tsaya.

A wannan makon ka rubuta wa sashen ma'aikata na kamfanin. Ka nemi su saya maka tikiti da kansu, su kama maka ɗakin wata biyu da za a iya yin Anmeldung da shi, su biya kuɗin ƙaura kafin ka tashi ko su ba ka wani abu daga albashi a makon farko, su kuma ba ka wasiƙar da za ka nuna wa masu gidajen haya. Kamfanin da ya tsallako har Gombe neman ma'aikaci ya saba jin irin waɗannan buƙatu, kuma kafin sa hannu ne maganarka ta fi nauyi. Duk abin da suka amince da shi, ka sa su rubuta a cikin kwantiragin.