Baba ya daina tari da muka sauya kofi, amma ga zazzaɓi

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wata huɗu ke nan mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki. Hannunsa na dama ba ya riƙe kofi, kuma da farko ruwa na yawan sarƙe shi. Sai muka saya masa kofi mai murfi da ɗan bututu, irin na yara, muna kafa masa a baki yana kishingiɗe. Tarin ya tsaya, muka yi murna. To amma sau biyu ke nan yana zazzaɓi da numfashi sama-sama, aka ce ciwon huhu ne. Hankalina a tashe yake. Kofin ne? Wane iri ya kamata ni 'yarsa in nema masa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki. Ki ajiye wannan kofin tun yau.

Mai bututu yana tilasta wa mutum ya ɗaga haɓa ya kai ƙeya baya, ruwan kuma ya zarce can ƙarshen harshe kafin maƙogwaro ya shirya rufe hanyar iska. Ga mai kishingiɗe abin ya fi muni. Wannan ɗura ce, ko da da kofi mai tsada aka yi ta.

Maganar da ta fi damuna ita ce "tarin ya tsaya". Kusan kullum sai na ji ta daga bakin masu jinya, ana faɗa ana murmushi. Tari mai gadi ne, shi ke korar abin da ya yi ɓatan hanya. Shanyewar ɓarin jiki kan kashe jin da ke cikin maƙogwaro, sai ruwa ya gangara huhu shiru, ba tari ba kakari, ya tafi da ƙwayoyin cutar da ke baki. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya taso, a ɗora laifin a kan sanyi ko fanka, a sha magani, a koma ga kofin nan. Ɗan'uwan wani marar lafiya ma ya zo da sirinji yana tsirta masa ruwa a kumatu, wai ya fi sauƙi. Sauƙi ga wa? Su kuma masu talla a intanet da ke rubuta "yana hana ƙwarewa" a jikin kowane kofi mai murfi, ba su taɓa leƙa maƙogwaron Baba ba. Kofi na gyara matsalar hannu da ta wuya, yana rage yawan abin da ke shiga baki, amma ba ya gyara haɗiya.

Maimakon jiran tari, ki sa shi ya ce "aa" bayan kowace makwarwa. In muryar ta fito a jiƙe kamar mai kurkurar maƙogwaro, ko idonsa ya kawo ƙwalla, ko numfashi ya sauya, ki dakata.

Kafin sayen komai, ki nemi a tura shi wurin ƙwararren magana da haɗiya. Akwai gwajin da ake yi da hoton ƙashi mai motsi yayin da yake haɗiya, akwai na siririyar kyamara ta hanci. Su ne ke nuna ruwan da ke sulalewa a ɓoye. Kada ki yarda a ce ki dawo bayan wata uku, ciwon huhu sau biyu ya isa hujjar gaggawa.

Sannan a zaɓi kofi. Akwai mai yankakken baki ta gefen hanci, wanda ake karkata shi har ƙarshe ba tare da an ɗaga kai ba. Akwai mai auna kurɓi, irin Provale, da ke sakin mililita 5 ko 10 kawai a kowane karkatawa. Mai mariƙi biyu ko mai nauyi a gindi na masu rawar hannu ne. Baba da hagu zai sha, babban mariƙi ɗaya da yatsu huɗu za su shige ya fi masa. In an ce a kaurara ruwa, ki tambayi matakin: ma'aunin kauri na ƙasa da ƙasa da ake kira IDDSI ya kasa abin sha daga 0 zuwa 4, kada ki yi da ka. Ki kuma lura da fitsarinsa, don mutane da yawa ba sa son ruwa mai kauri, sai su rage sha jiki ya bushe.

Ko wane kofi ne, a zaunar da shi sosai, kai a miƙe, ki zauna daidai da shi don kada ya ɗago yana kallonki. In yana gyangyaɗi kada a ba shi komai. Ya ci gaba da zama minti 30 bayan ya sha, a kuma goge masa haƙora da harshe safe da dare. In zazzaɓin ya dawo ko numfashi ya yi sauri, a kai shi asibiti a ranar.