Na'urar Jin Mahaifiyata Tana Yawan Ɓacewa

Tambaya: Mahaifiyata tana gidan kula da tsofaffi a Ingila, kuma na'urar da ke taimaka mata wajen ji ta sha ɓacewa. Yaya zan yi?

Amsa: Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Galibi tsofaffi kan cire na'urar idan ta dame su, su ƙunshe ta a tishu, sai ta bi kwanukan abinci zuwa shara ko zanen gado zuwa wanki. Ki nemi a rubuta cikin takardar kulawarta cewa ma'aikaci ne zai karɓe ta da dare, ya mayar mata da safe, sannan ki samo igiyar da ake maƙala ta a wuyan riga. Hukumar NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta gwamnati a Ingila, aron na'urar take bayarwa, kuma ana iya neman kuɗi kafin a sauya wadda ta ɓata.