Ka duba bayan amfilifayar, amma ka bar ramin lasifika

Ƙanena, tun jiya da dare na ga tambayarka, sai yanzu na samu zama. Ka ce kana kaɗa jitar bes a wani zauren biki a Rayfield da ke Jos, kai a kan dandamali kana jin duminta har ƙirjinka, amma mutanen baya sun ce kamar ba ka zo ba. Wani kuma ya ba ka shawarar ka ja waya daga inda aka rubuta SPEAKER OUT a bayan amfilifayarka ka kai miksa, wato na'urar da ke haɗa sautuka ta tura wa manyan lasifiku.

Don Allah kada ka yi. Ni na taɓa yi, lokacin ina yaron wani mai hayar kayan sauti, a wani biki a Bukuru. Mai bes yana taɓa tsirkiya sau biyu sai ƙauri ya tashi, layi guda na miksar maigidana ya mutu murus, aka cire kuɗin gyara a ladana. Ramin SPEAKER OUT wutar da za ta girgiza lasifika yake fitarwa. Amfilifaya mai wat 300 a kan lasifika mai om 4 tana iya tura sama da bolt 30, alhali miksa bolt ɗaya da ɗoriya take jira. Kamar ka ɗura wa jariri tuwo ne da ludayi.

Juya amfilifayarka ka duba baya da kyau, ko da tocilar waya ce. Yawancin na yanzu, irin su Hartke da Ampeg, suna da wani rami mai haƙora uku, an rubuta DI OUT ko DIRECT OUT. Wayar makirufo ta yau da kullum, wato XLR, za ka soka a nan, ɗaya bakin ya shiga ramin makirufo na miksa. Kusa da shi akan sami maɓalli mai PRE da POST, wato sautin kafin ka murɗa shi ko bayan ka murɗa. Ni PRE nake bari, don duk murɗe-murɗen da za ka yi wa sautinka a kan dandamali ba zai bi waya ya dagula wa mai miksa lissafi ba. Masu bes ba sa son jin wannan, amma abin da ya yi daɗi a taku biyu daga lasifika ba lallai ya yi daɗi a ƙarshen zaure ba.

In taka tsohuwa ce ba ta da wannan rami, sai ka nemi akwatin DI, ɗan ƙarami ne, bai fi sabulun wanki biyu ba. Jita ta shiga INPUT, gajeriyar waya ta fita daga THRU ko LINK zuwa amfilifayarka, XLR kuma ta tafi miksa. In jitarka mai ɗaukar batirin bolt 9 ce, akwatin da ba ya cin wuta ya ishe ka. In ba ta da batir, mai cin wuta ya fi, sai mai miksa ya danna maka maɓallin 48V da zai ba akwatin wuta. Kada ka ce za ka tsallake akwatin ka ja doguwar wayar jak kai tsaye. Da ta wuce mita 5 ko 6 sai ta fara kwaso ƙara, sautin kuma ya dushe.

Sai maganar gurnani, wanda na san za ka dawo kana kuka da shi. Ka haɗa komai, sai ka ji "huuum" ba ƙaƙƙautawa. Wutarmu ce mai bugu 50 a daƙiƙa take zagayawa tsakanin amfilifaya da miksa ta wayar ƙasa, musamman in soket ɗinsu daban-daban, ko an ɗauke wuta an koma janareta. Danna GROUND LIFT a akwatin ko a bayan amfilifaya, sau da yawa nan take yake ɗaukewa. In da hali, ku sha wuta daga layi ɗaya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne karya haƙorin ƙasa na fulogi, kamar yadda wasu yaranmu ke yi. Tsirkiyar jitarka ƙarfe ce, hannunka na kanta, ga bakinka kusa da makirufo.

A wajen miksa, ka ce masa ya kashe maɓallin yanke ƙasan sauti a layinka. Yawanci abin da ke ƙasa da bugu 80 ko 100 a daƙiƙa yake sarewa, tsirkiyarka mafi kauri kuwa a 41 take, jita mai tsirkiya biyar ma ta sauka 31. Wajen gwaji ka kaɗa da ƙarfin da za ka kaɗa in rawa ta yi zafi, ba lallaɓawa ba, in jar fitila tana ƙyaftawa ya rage ko ya danna PAD, maɓallin rage ƙarfin sautin da ke shigowa.

Bayan haka ka rage amfilifayarka, ka ɗora ta a kan kujera tana fuskantar kunnenka. Taka ce kai da mai ganga, zauren kuma na manyan lasifiku ne. Turo mana hoton bayanta in nuna maka ramin.